Jiƙon da ake zubawa a goran ruwa

Baban Sadiq: Wallahi raina a ɓace yake tun jiya. Matar ƙanina cikinta wata biyar, na tarar tana kurɓar wani jiƙo a goran swan wai na ciwon baya da basir aka sayo mata a tasha, ina buɗe murfi warin barasar ogogoro ya daki hancina, goran ba suna ba lambar hukumar kula da abinci da magunguna NAFDAC, ita baiwar Allah ba ta ma san da me aka jiƙa sassaƙen ba. Abin da uwa ta sha ta cibiya yake isa ga ɗan tayi, hantarsa ba ta yi ƙwarin tace barasa ba, ƙwaƙwalwa take taɓawa. Jahilcin nan ya isa haka.

Hajiya Uwale: Jahilci? Yaro iya bakinka. Da sassaƙe da saiwa muka haife ku ba ko allura ɗaya.

Baban Sadiq: Hajiya ayi haƙuri, naku da ruwa kuke jiƙawa ai.

Ɗan Magani: Kullum 'yan boko sai sun ce mana jahilai, to maganin tarin asibiti wani ba barasa a ciki? Ka kira su jahilan mana.

Maman Hanifa: Ni a asibiti nake aiki, mai ciki ko na tarin ba ta sha sai likita ya duba. Hukumar lafiya ta duniya ma ta ce ba wani adadin giya da aka tabbatar ba ya cutar da ciki, ko kaɗan ne. Kuma tun 2024 NAFDAC ta sanar da hana giyar leda da ta ƙananan kwalabe 'yan ƙasa da mililita 200.

Ɗan Magani: Ku nas-nas da kuke wa mata tsawa a ɗakin haihuwa, ku ne masu tausayi yanzu?

Maman Hanifa: Malam kar ka zage ni, ban zage ka ba.

Garba Direba: Ni dai masu jiƙon tashar nan ba 'yan garin nan ba ne, baƙi ne.

Sani Tela: Ƙarya ne Garba, a layinmu ɗan gari ke ɗurawa.

Hajiya Uwale: Har yanzu bai janye jahilcin ba fa.

Ɗan Magani: To jama'a abin da aka tsayar, maganin gargajiya ba jahilci ba ne, kowa ya yarda, Baban Sadiq ya ba iyayenmu haƙuri. Mai ciki kuma ta sayi nata wurin wanda ta sani, kar ta sayi na tasha.