Bayan an ce da ku 'yan rahoton ɓarayi, yaya kuka koma zaman unguwa?

Uwar Hassana: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu Fulani ne, shekararmu goma sha ɗaya a gidan haya ɗaya a nan cikin Maraɗi, a nan na haifi uku daga cikin 'ya'yana. Bara aka sace ƙanen wani maƙwabcinmu a hanyar Gabi. Kafin sati ya zagayo magana ta watsu cewa maigidana ne ya ba da labarinsa, wai don ƙanen maigidan yana zuwa daga ruga bisa babur ya kwana wajenmu. Dare uku ana jifar kwanon ɗakinmu. Matan da suka saba aiko yara sayen nono suka daina, ina zaune ƙwarya ta yi tsami in zubar. Jami'an tsaro suka tafi da maigidana, ya kwana biyu, aka duba wayarsa aka sallame shi ba a samu komai ba. To an sallame shi can, amma unguwa ba ta sallame mu ba. Wata takwas ke nan. Abin da ya fi ci mini rai ɗana mai shekara tara ne: in na yi masa Fulatanci a waje sai ya yi kamar bai ji ba. Waɗanda irin wannan ta taɓa samu, yaya kuka yi?

Baƙon Garin Kaka: Wa alaikumus salam, Allah ya ba da haƙuri. Ni Bahaushe ne daga wajen Sabon Birni, muna cikin waɗanda suka tsallako a 2019 da 'yan bindiga suka kore mu. Da na baro Garin Kaka, ƙauyen da aka tsugunar da 'yan gudun hijira, na shigo birni neman aikin gini, duk abin da ya ɓace a layi sai a ce baƙin Najeriya ne. Ka gudo daga ɓarawo a kira ka ɓarawo. Ban yi gardama da kowa ba. Na riƙe sahun gaba a masallacin layi, kuma duk baƙon da ya sauka wajena sai na kai shi ya gai da mai unguwa kafin ya kwanta. Ki gaya wa maigida ya yi haka da ƙanensa, da rana tsaka, kowa na gani.

Uwar Hassana: Mun yi, Malam. Amma wallahi da ciwo. Baƙon kowa yana shiga ba a tambaya, namu sai an kai shi an nuna kamar akuyar da za a sayar.

Mai Kabu-kabu: Inna, ni daga ɗaya ɓangaren zan yi magana, kuma da kunya. Ba a unguwarku ba, amma mun yi wa wani dattijo haka. A fada, majalisarmu ta samari, muke shan shayi wani ya turo murya a WhatsApp, ba mu san mai maganar ba, ni kaina na tura wa mutum ya fi ashirin. Wata biyu ba na ɗaukar bawan Allah nan ko ya tsayar da ni. Ranar da babata ta faɗi, shi ya ba da jika goma aka kai ta likita, bai ce mini uffan ba. Na je na durƙusa na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe, amma in koma fada in faɗa a inda na ɓata shi. Wannan ta fi durƙuson wuya. Na yi, wasu suka yi dariya, mutum biyu suka biyo ni gidansa washegari.

Tsohon Mushe: Ɗiyata, na koyar a lakwal shekara talatin, kuma ina da wayo sarai lokacin abin da ya faru a Toda a 1991, inda aka kashe Fulani fiye da ɗari, galibinsu mata da yara. Da zance aka fara, shi ya sa ba na raina jifar kwano. Dokar ƙasar nan ba ta yi shiru ba: aya ta 102 ta kundin hukunta laifuka ta tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 5 ga mai nuna bambancin ƙabila. Ban ce ki kai maƙwabta kotu ba, don gobe da su za ki tashi, amma ya kamata mai unguwa ya san kun san da ita.

Maganar yaron ce ta fi damuna. Kada ki tsare shi da tambaya, ba zai faɗa ba. Ki je wajen mushensa ke da babansa, ku tambaya wa yake zama kusa da shi a aji, wa yake wasa da shi in an fita shan iska. Na taɓa samun yarinya da benci guda ya watse ya bar ta. Ban bugi kowa ba. Na ba ta riƙon alli da rajistar aji, duk mai son fita sai ya bi ta wajenta, na kuma kira iyayen manyan masu tsokanar ɗaya bayan ɗaya. Abin da yaro ya faɗa a lakwal, a bakin murhu ya ji shi. Fulatanci kuwa ki ci gaba da yi masa a ɗaki, da tatsuniya da waƙa, ki bar waje tukuna.

'Yar Dakoro: Mu tashi muka yi, muka koma Dakoro wajen dangi. Barci ya samu, amma har yau a tsohuwar unguwa cewa ake mun gudu don muna da laifi. In za ku tashi, ku bari sai an wanke ku a bainar jama'a.

Uwar Hassana: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba Mushe, jiya muka je lakwal, ashe a bencin baya yake shi kaɗai tun kafin azumi, ban sani ba. An sauya masa wuri. Liman ya yi magana bayan sallar isha'i, bai kama suna ba amma kowa ya gane. Yau da hantsi maƙwabciyata Babarbariya, wadda ta yi wata takwas ba ta leƙo ba, ta aiko da kwano, ta ce a gaya wa baiwarta ta cika shi da nono. Kun san wasan da ke tsakaninmu da Barebari. Na tsaya riƙe da ludayi na rasa ko in yi dariya ko in mayar mata da kwanonta. Na cika, na ce a gaya mata uwargijiyarta ta ba ta sadaka. Gidan da aka sace wa ƙane dai har yanzu ba ma gaisawa, kuma su ma ba su gama biyan bashin kuɗin fansa ba.