Neman shawara: injin zuƙar ƙura marar ƙara don ɗakin duba dabbobi a Garwa

Likitar dabbobi, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka mini, kaina ya ɗaure. Na yi karatun likitan dabbobi a Ngawundare, na dawo gida na buɗe ɗan wurin duba dabbobi. Kawuna ne ya ba ni jari, shi kuma da ma bai so wannan sana'a ba, ya fi son in nemi aikin gwamnati, don haka ko sefa ɗari na kashe sai na yi masa bayani. Shagon ma rigima muka sha da mai gida kafin ya yarda a shigo da karnuka, sai da na sa hannu cewa ba za a ji wari ko hayaniya ba, saboda tela ne a gefena kuma matarsa 'yar uwar mai gidan ce. To ga hunturu ya shigo. A share da safe, kafin azahar ƙura ta sake kwanciya a kan teburin tiyata, ga gashin kyanwa da na kare a kowace kusurwa. Tsintsiya tayar da shi kawai take yi. Na aro injin zuƙar ƙura wurin wata ƙawata, ana kunna shi sai ka ce injin niƙa. Wani kare da na sa wa ruwa ya fizge allurar daga ƙafarsa, jini ya ɓata ƙasa, kyanwar da yarona ke riƙe da ita ta yakushe shi a wuya. Mai karen bai sake dawowa ba. Wane iri zan saya wanda ba ya firgita dabbobi? Ina tsoron in sayi abin da kawu zai ce na yi ɓarna.

Alhaji mai kayan wuta:
Wa alaikumus salam Dokta. Kin zo gidan magana. Ki bar duk wani tunani, ki sayi babban nan mai ganga wanda ke shan ruwa da ƙura gaba ɗaya, irin na Kärcher mai ruwan ɗorawa. Wurin dabbobi akwai fitsari, akwai amai, akwai jini. Ƙaramin injin ɗakin amarya ba zai yi miki wata uku ba. Na fi shekara ashirin ina sayar da kayan nan, na san abin da nake faɗa.

Likitar dabbobi, Garwa:
Na gode Alhaji, amma ai irin mai gangar ne na aro, shi ne ya jawo mini abin da na faɗa.

Alhaji mai kayan wuta:
To jabu aka ba ki, 'yata. Na asali ba ya haka.

Malamin kimiyya, Marwa:
Alhaji a yi haƙuri, ko na asali ne masu shan ruwan nan sun fi ƙara. Tun watan Satumba na 2017 Tarayyar Turai ta hana sayar da injin shara na gida da ya wuce wat 900 ko ƙararsa ta haura desibel 80 (desibel, wato dB a taƙaice, ma'aunin ƙarfin ƙara ne), amma dokar ba ta shafi masu shan ruwa da ƙura ba, ba ta shafi masu batir ba. Dokta, ki duba jikin kwali, za ki ga lamba da dB a gefenta. Yawancin na gida suna tsakanin 70 da 80. Waɗanda aka yi don shiru suna sauka kusa da 60 zuwa 65, kamar wasu daga cikin Rowenta Silence Force, da wasu na Miele da Nilfisk. Kada ki raina bambancin goma, a kunnen mutum ragin desibel 10 kusan rabin ƙarar ne. Sannan mu iyakar jinmu wajen hertz 20,000 ne (hertz ma'aunin sirantar sauti ne), kare yana kaiwa wajen 45,000, kyanwa ta haura 60,000. Siririn kukan da motar injin ke yi, wanda ke da ƙyar kike jinsa, su yana huda musu kunne. Shi ya sa ko kin ga lamba mai kyau, ki sa a kunna miki a shago ki saurara, wanda ke gurnani ƙasa-ƙasa ya fi mai tsiwa.

Hajiya daga Kusiri:
Ni dai in faɗa miki, ki guji gwanjo. Mijina ya sayo mana wani da aka ce daga Amurka ya zo, fes da shi, har da takardarsa. Ashe na wuta 110 ne, mu kuma 220 muke da ita. Ana jona shi ya yi tartsatsi, ɗaki ya cika da ƙauri. Da muka mayar, mai shagon ya rantse lafiya lau ya ba mu, ya ce mu muka ƙona. Har gaban mai unguwa aka je, kuma saboda surukin abokin mijina ne aka ce a bar wa Allah. Ni ban bari ba har yau, ko gaisuwa ba ma yi da matarsa. Mutanen yanzu babu amana.

Tsohon malamin dabbobi:
Ikon Allah. Mun yi shekaru muna yi wa shanu rigakafi daga rugage har mayanka, ba mu taɓa jin an ce ƙura ta hana aiki ba. Ki yayyafa ruwa, ki share, ki bi da tsumma da ruwan javel, wato bilic. Injin nan ba ya kashe cutar parvo mai kama karnuka, javel ke kashe ta. Yaran yanzu komai sai na'ura. Mu da muka yi aikin da hannu ga shi kuɗin fansho ma sai mun yi ta zarya.

Likitar dabbobi, Garwa:
Baba, da girmanka, aikin ruga daban da ɗakin da ake buɗe cikin kyanwa. Ina goge ƙasa da javel kullum, ba sai an koya mini ba. Gashi ne matsalar, yana manne wa jiƙaƙƙen tsumma ya bi ko'ina, kuma da shi ƙwayoyin makero ke yawo, ga ƙwan ƙuma a cikin tsagar tayil.

Malamin kimiyya, Marwa:
In haka ne ki nemi mai jaka, wadda ake cirewa a rufe a jefar, da matatar HEPA, wato matatar da ke tare ƙura mai laushi ƙwarai. Mai lamba H13 tana tare kashi 99.95 cikin ɗari na ƙananan ƙwayoyi. Marar jaka in kin zo zazzagewa duk abin da kika tara zai dawo fuskarki.

Alhaji mai kayan wuta:
Malam, wannan duk karatun littafi ne. Jakar in ta ƙare a ina za ta samo? Sai ta aika Duwala ko Kano, ta jira mota. Da ƙurar Garwa jaka ɗaya ba ta kai ko'ina ba, in ta cika iska ta toshe, motar injin ta yi zafi, ƙarar ta ƙaru. Ga zafin watan Afrilu da ke haura 40. Ga wuta na rawa, in babu regilato mai daidaita ƙarfin wuta a tsakani kwana kaɗan za ki ji ƙauri. Ni na ga irin waɗannan masu tsadar an dawo da su a buhu. Dokta ki zo shago kawai, zan yi miki ragi.

Wata 'yar Njamena:
Dokta ba ki faɗi nawa kike da shi ba, ba ki ce sola kike amfani da ita ko janareta ba. In janareta ne ai ƙararsa ta fi ta injin. Kuma me zai hana ki yi sharar kafin a kawo dabbobi, ko bayan an tashi? Ko ki ajiye injin a baranda, ki rufo ƙofa, ki shigo da dogon tiyo kawai.

Likitar dabbobi, Garwa:
'Yar uwa, akwai masu kwana a wurina, ɗaki ɗaya ne da labule a tsakani, babu lokacin da babu dabba. Baranda kuma ta tela ce, na riga na faɗi yadda muke da mai gida. Maganar kuɗi ba zan iya faɗa a nan ba, akwai 'yan gidanmu a zauren nan.

Wani ɗan Gidar:
Ni tambayata, kina duba tumaki? Ragona ya daina cin abinci tun shekaranjiya, hancinsa na yoyo.

Alhaji mai kayan wuta:
Ka ga irin kasuwar da ya kamata ta kama ke nan. Rago ba ruwansa da ƙarar inji.

Likitar dabbobi, Garwa:
Ka ware shi daga sauran, ka kawo shi gobe da safe in duba. Malam na Marwa, wannan mai 60 ɗin, akwai wanda ya taɓa ganinsa a kasuwar Garwa ko Marwa da idonsa, tare da jakunkunansa? Don kawu ba zai ba da kuɗin abin da za a aiko daga Duwala ba a gani ba.

Hajiya daga Kusiri:
Ko kin gani ki juya ƙasansa ki karanta 220 da kanki. Kada ki yarda da rantsuwar kowa.