Wane suna za mu raɗa wa "fasiliteta" da Hausa?

1/ Ma'abota Hausa, ga wata baƙuwa da ta daɗe a gidanmu ba a raɗa mata suna ba: "fasiliteta", wato "facilitator" ta Turanci. Ana jin ta a sanarwar neman ma'aikata a rediyo, tana yawo a zaurukan WhatsApp, har iyaye sun fara cewa "ai 'yar tawa fasiliteta ce a wata ƙungiya". Ka ce me take yi, sai a ce tana dai zuwa taro.

2/ Mu fara da aikin kansa, don wurare uku ne ake kiran mutum da sunan nan. Na farko, karatu daga gida: jami'ar NOUN da aka farfaɗo da ita a 2002, da Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna tun 1976. Ɗalibi zai karanta littafinsa shi kaɗai, sannan a haɗu a cibiya ko ta intanet, fasiliteta ya warware masa inda ya cije. Na biyu, ajin manya, irin na Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano da aka kafa a 1980 zamanin Abubakar Rimi.

3/ Na uku shi ne wanda ya fi tashe yanzu, wato taron ƙungiyoyi. Kun san ɗakin: zauren otal, an jera tebura rukuni-rukuni, an manna manyan takardu a bango, mutum na tsaye da alƙalamin maka a hannu yana cewa "rukuni na biyu, wa zai gabatar mana?" Ƙarfe goma sha ɗaya a sha shayi, da la'asar a zagaya da takarda kowa ya rubuta lambar asusunsa. To wannan na tsayen, me sunansa?

4/ Ga shawarwarin da aka kawo. Wani ya ce "mai sauƙaƙawa". Ma'anar Turancin ke nan kai tsaye, amma a kunnen Bahaushe sai ka ce maganin ciwon kai ake talla. Ba ta zauna ba.

5/ "Mai gabatarwa" na rediyo ne da sanƙiran biki. "Jagora" kuwa 'yan siyasa sun riga sun saye ta.

6/ "Mai horarwa" ta samu magoya baya da yawa, kuma ba laifi, don kafafen labarai sun saba da "horar da malamai". Inda na tsaya shi ne, horo daga sama yake saukowa: kocin ƙwallo, kurtun soja, uba da ɗansa. Shi kuwa wannan aikin, yawanci waɗanda ke zaune sun girme shi, wasu ma sun fi shi sanin fagen. Hedimasta mai shekara ashirin a aji ba zai ji daɗi a ce yarinyar da ta gama bautar ƙasa bara ta zo ta hore shi ba.

7/ Shawarar da ta fi burge ni daga wani alaramma ta zo. Ya ce a tsangaya ai akwai mai wannan aikin tuntuni: gardin da ke biya wa ƙolo karatu. Ba shi ne mai makarantar ba, amma shi ke zama kusa da allo yana bi da yaro har ya iya. Don haka a ce "mai biyawa". Allah ya ƙara wa malam lafiya, ma'anar ta yi daidai ƙwarai. Matsalar ɗaya ce: ka shiga zauren otal ɗin nan ka ce "ina mai biyawa?" ka ga inda kowa zai juya. Wajen akanta za a duba.

8/ Ni ga tawa: malamin bita. Mace malamar bita, jam'i malaman bita.

9/ "Bita" ta riga ta ɗauki kaya biyun da muke buƙata. Ɗalibi na bitar karatunsa kafin jarrabawa, abin da ake yi a cibiyoyin NOUN da NTI ke nan. Ma'aikata kuma na tafiya "bita ta kwana uku", har ciyaman ya zo ya buɗe. Babu wanda za a tsaya yi wa bayani, daga ɗan jarida har tsohuwar da ke sauraron rediyo a tsakar gida. Na ajin manya kuwa ba ya buƙatar sabon suna, tun shekarun 1950 ake ce masa malamin yaƙi da jahilci.

10/ Wata 'yar'uwa da ke wannan aiki ta ce a cire "malami", wai su an koya musu cewa ba koyarwa suke yi ba, jan hankalin mahalarta kawai suke su fito da abin da suka sani. Hajiya, na ji, amma a nan ne zan dage, kuma dalilina na aljihu ne.

11/ Malamin gwamnati, duk kukan da yake yi, yana da matakin albashi, yana da ƙarin girma, yana da fansho. Dokar mafi ƙarancin albashi ta Yulin 2024 ta ce naira 70,000, ko da yake an sha fama kafin ta isa ga malaman firamare a ƙananan hukumomi da dama. Dokar 2022 ta kai ritayarsa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Fasiliteta fa? Alawus. A biya shi na kwana ko na zango, shirin ya ƙare a ce an gode. A ajin manya ma alawus ɗin kan yi watanni bai fito ba. Ku tuna 'yan N-Power da aka tura makarantu daga 2016: suna shiga aji kamar kowa, amma da aka kira su 'yan sa-kai, naira 30,000 aka yanka musu a wata. Idan aka raba mai koyarwa da sunan malami, ba a jin nauyin sallamarsa da na goro.

12/ Ba wai aikin ba ya da maiƙo ba. Ƙwararren malamin bita da manyan ƙungiyoyi suka sani kan iya samun abin da ya fi albashin watan malamin firamare a mako guda. Sai dai makon ba kullum yake zuwa ba, kuma ba a rasa 'yar sanayya wajen kira.

13/ Kasuwar kuma buɗewa take yi. Rahoton UNESCO na 2024 ya ce duniya na buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a Afirka kudu da Sahara. Duk wanda aka ɗauka sai an yi masa bita, tsofaffin ma sai an koya musu aiki da kwamfuta da sabuwar manhaja. Shirin AGILE na ilimin 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya fara tallafawa a 2020 a jihohi irin su Kano, Katsina, Kaduna, Kebbi da Borno, ya jawo mata da yawa cikin wannan layi. Abin da ake nema ruwa a jallo shi ne wanda zai karanta kundin da aka rubuta da Turanci, ya tsaya gaban malaman ƙauye ya juye shi da Hausar da za su ɗauka. Masu NCE da digirin koyarwa da ke zaune kuna jiran takardar ɗaukar aiki, ku yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, ku fara da ƙananan bitoci ko da kuɗin mota ne kawai, ku riƙa adana shaidar kowace.

14/ Saura ƙiris. Akwai wanda ke yi wa malaman bitar kansu bita kafin a watsa su ƙananan hukumomi. An ba da shawarar "uban bita", wani ya ce "babban malamin bita". Na fi son ta biyu, don ta farko za ta sa a fara tambayar ina uwar. 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ku da kalmomin Faransanci ke yawo a tarukanku, "malamin bita" za ta shiga kunne a can, ko akwai wadda kuka riga kuka saba da ita?