Baffa yana gidan kula da tsofaffi, likita ya ce mu fara shiri

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan uwa. Baffana shekara biyu ke nan yana gidan kula da tsofaffi a Manchester, ciwon mantuwa. Jiya likita ya ce mu fara shiri. Mu ɗauko shi ya cika a hannunmu, ko mu bar shi can? In ta Allah ta kasance, suna barin mutum ya zauna da mamaci, ya rufe masa ido, ya juya shi alƙibla?

Ɗan Fagge: Allah ya tashi kafaɗunsa. A dinga ba shi zamzam.

Hajiyar Leicester: Ɗauko shi, 'yar nan. Maigidana ya rasu ƙarfe uku na dare, ba a kira ni ba sai da gari ya waye. Kafin la'asar sun tattara kayansa cikin baƙar ledar shara huɗu, an jingine a bakin ƙofa. Carbinsa na tsinta a ƙasan leda tare da silifas ɗin banɗaki. Manajar ko gaisuwa. Ina cikin takaba sai ga wasiƙa, wai kuɗin ɗaki na sati biyu. Na biya, don ba ni da bakin rigima a lokacin.

Baban Khalifa: Hajiya, an cuce ki. Tun 2018 hukumar CMA, mai kula da gasar kasuwanci da haƙƙin masu saye a Birtaniya, ta ce kuɗin ɗaki na kwana uku ne bayan rasuwa, in kaya sun daɗe a ɗakin ma kada ya wuce goma.

Ummi mai aikin dare: Aikina ke nan a Bradford. Wallahi mu ma muna kuka, mutumin da ka shekara kana yi wa wanka kana ba shi abinci a baki. Sai dai ba ma taɓa komai sai nas ko likita ya tabbatar da rasuwar. Maman Ilham, ki je yau a rubuta cikin takardar kulawarsa: a kira ku ko ƙarfe nawa ne, namiji ya taɓa shi, ga lambar masallaci.

Hajiyar Leicester: Ke ai tasu ce, dole ki kare su.

Ummi mai aikin dare: Haba Hajiya, ni da na zauna da masu cikawa sun fi goma?

Ɗan Fagge: Jana'izar nawa take yanzu? Mu fam dubu uku da 'yan kai muka kashe.

Baban Khalifa: A ina? A Landan dubu biyar ba ta ishe mu ba. Kuma tun Satumbar 2024 sai likita mai bincike ya duba dalilin rasuwa kafin a yi rajista a ba ku koriyar takardar binnewa. In ta faɗo ƙarshen mako, sai haƙuri.

Ɗan Fagge: Kai, ni in na ji jikina ba daɗi, jirgin Kano zan hau da ƙafata, tikitin mai rai ya fi araha.

Malam na Gwale: Ni abin da ban gane ba, ta yaya ɗan Musulmi zai kai uba gidan tsofaffi?

Maman Ilham: Malam, sau biyu 'yan sanda suna tsinto shi a titi cikin sanyi ba takalmi.

Hajiyar Leicester: Masu faɗin haka su ne ba a ganin ƙeyarsu ranar karo-karo. Asusun jana'izar ƙungiyarmu shekara nawa muna zubi, da nawa ya rasu wa ya ga ko fam ɗaya? Ma'aji yana nan yana karantawa, ya fito ya yi bayani.