Baitocin tuna Baba, amsa-amonmu "ji"

Yaya Babba (Tawa):
Salamu alaikum ƴan uwa. Jiya aka yi addu'ar arba'in ta Baba, baƙi sun watse, gida ya yi tsit. Na shiga zaure na tarar da komarsa a rataye, har yau ƙarnin kifi bai bar ta ba. Kukan ya isa haka. Ku zo mu tuna shi da waƙa, ɗango huɗu huɗu, kowane baiti ya ƙare da "ji". Wanda ya karya amsa-amo, sukarin shayi na kansa.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai rayawa kuma Mai kashewa,
Shi Ya ba mu, Shi ke karɓewa,
Ba mu ja da hukuncin Ubangiji.

Da asuba in ya idar da salla,
Butar shayi a babur ya ƙulla,
Kafin Inna ta ce "Don Alla",
Ƙurarsa kaɗai ke hanyar daji.

Mai bi mata (Yamai):
Yaya, kin sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Daga Tawa zuwa Tabalak wajen kilomita 50 ne a kan hanyar Agadas, amma Baba yakan je kamar an aike shi bakin kasuwa.

Ina ɗan bakwai ya ɗauke ni,
Tafkin Tabalak can ya kai ni,
Cikin kwalekwale ya zaunar da ni,
Wai yau za a san wane ne namiji.

Tarwaɗa ta fizga, sanda ta kuɓuce,
Na ƙwala ihu, jirgi ya karkace,
Shi ko dariya har hula ta suɓuce,
Masunta ne suka kawo agaji.

Baba na Buza:
To, ɗiyana, kuna ta wasa shi sai ka ce zaki. Ni taubashinai ne, kuma mutuwa ba ta kashe wasa. Ku matsa in ba ku na gaskiya.

Wai maharbi! Ku tambaye ni,
Mun yi kwanto a Majiya, shi da ni,
Ya ce, "Ga zabi, kar ka taɓa ni,"
Ya harba, ashe na mutane ne, kaji.

Mai su ta fito riƙe da taɓarya,
Ta ce yau sai an biya, ba ƙarya,
Jika biyu ya zube a ƙwarya,
Ni ko na ci nama har da yaji.

Ga wata. A 1975, da aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa, wadda Kantu na Maraɗi ya ci, ubanku ba shi da ko dala ta shiga. Bisa icce ya yi kallo. Kallon ya hau masa kai.

Ya komo gida shina kirari,
Ya ɗaura walki, ya shafa gari,
Na kai shi ƙasa tun bai yi shiri,
Ya tashi ya ce, "Wanga ai gwaji."

Yaya Babba:
Ka ji tsoron Allah, Baba na Buza. Ka manta duk shekara in kun dawo daga taron makiyaya na Ingal a watan Satumba, mu yake zaunarwa ya ba mu labari?

Baba na Buza, ka samu fili,
Da yana nan da ka shiga hankali,
Wa ya yar da rawani babu dalili,
Ya arce don raƙumi ya yi gunji?

Baba na Buza:
Raƙumin ga mahaukaci ne, kowa ya shaida.

Auta (Tawa):
Na karanta wa Inna duk abin da kuka rubuta. Ta yi shiru, can ta ce in ɗauki waya in rubuta nata, kuma kar in gyara mata ko kalma ɗaya.

Kuna ta yabon mai bin hanya,
Wa ke gida in kuna jinya?
Ni da tukunya, ni da tsintsiya,
Ku kun san uba, ni na san miji.

Sau biyu ina ɗaure kayana,
Na koma Keita gidan ubana,
Ya zo biko, a ƙofa ya kwana,
Da ban dariya ya kashe mini yaji.

Amma da fari ya hana noma,
Ya sai da adaka, ya sai da koma,
Ya auno gero, na daka, na dama,
Maƙwabta suka sha, ba wanda ya ji.

Farin 1984 take nufi, shekarar da aka fara aikin raya karkara na Keita, inda ƙannenta mata suka yi ta ɗaukar duwatsu a kai ana biyan su da abinci. Ta ce koma ya sake saye da aka samu damina, bindiga kuwa har ya koma ga Allah bai ƙara riƙe ta ba. Ni fa yau na fara jin wannan. Duk zatona ƙarfin ido ne ya rage masa ya bar farauta.

Baba na Buza:
Ni na raka shi kasuwa ran da ya sai da ita. Hanya duka bai yi magana ba, kuma ban taɓa ganin bakinai a rufe ba sai rannan. Wannan ba ni da baiti a kanta.

Mai bi mata:
Allah Ya saka wa Inna. Bindigar ya bari, dajin bai bari ba. Kun tuna bara?

Na kawo shi Yamai ganin likita,
Aka ce hutu, ban da fita,
Washegari ɗaki sai tabarma da buta,
Na bi tasha, na bi gareji.

Ashe Kure ya nufa da jikarsa,
Raƙuman dawa ne a ransa,
Ya dawo da ƙura har gemunsa,
Wai likitansa na can cikin jeji.

Na yi faɗa ranar, faɗa sosai, mutum da hawan jini ya yi kilomita 60 a motar haya. Ya bar ni na gama, sannan ya miƙo mini kofin shayi ya ce in sha, jinina ya fi nasa hawa.

Jikanya (Yamai):
Ni ce muka je tare. Nima zan yi nawa.

Angona mai alewa a aljihu,
Ya ce raƙumin dawa ba ya son ihu,
Mu yi shiru, mu koma kafin duhu,
Na yi shiru, ɗaya ya matso kusa da mu.

Baba na Buza:
Amarya ta karya amsa-amo! Sukari shina bisa kanki, kilo guda, ba ragi.

Mai bi mata:
Ubanta zai biya. A bar baitin yadda yake.

Auta:
Babur ɗinsa na kai wa makaniki,
Ya ce Asabar zai gama aiki,
Inna ta ce ita ma sai tafki,
Ta ga kishiyar da ta ƙwace mata miji.

Wallahi da gaske take. Shekara kusan hamsin tana soya kifin Tabalak, ba ta taɓa sa ruwan a ido ba.

Yaya Babba:
Inna ba za ta hau babur ba, ni zan nemo mota. Lahadi bayan sallar asuba. Auta, ka sauko da komar daga zaure, ka duba in ɓera bai ci ta ba.

Baba na Buza:
Asabar da dare ina Tawa. Ku aje mini wuri a mota, ku taho da sukarin. Kwalekwale dai ba da ni ba.