V-boot ɗita tana buga giya, wai a ina modileta take?

Mai_Vboot:
Salamu alaikum jama'a, don Allah masu sanin giyar otomatik ku taimaka. Marsandi ce 230E, kwanan nan in za ta canza giya sai ka ji ta buga gum kamar an daki motar ta baya, musamman in ina tafiya a hankali cikin gari, sannan man giya yana raguwa amma ƙasa ko ɗigo babu. Wani ya ce min modileta ce, wani kuma ya ce sai an sauke giyabos gaba ɗaya. A ina abin nan yake ne?

Usman_Giya:
Wa alaikumus salam. Malam kar ka yarda a sauke maka komai tukuna. Ka hau rami, ka duba jikin giyabos ɗin ta ɓangaren direba, sama kaɗan da kwanon mai, za ka ga wani ɗan gwangwani na roba mai kala da siririn tiyo a jikinsa, to ita ce modileta. Tiyon daga manifol ya taho, wato bututun da iska ke bi ta shiga inji, iskar da inji ke zuƙa ce take gaya wa giya irin nauyin da ke kan inji, in tiyon ya tsage ko ya cire sai giya ta ɗauka ka take totur har ƙasa, ta ƙara ƙarfin mai, shi ne bugun da kake ji. Amma maganar man nan da ke ɓacewa ita ta fi ɗaukar min hankali. Zare tiyon ka duba cikinsa, in ka ga jan mai to robar cikin modileta ta fashe, inji ne yake shanye man yana ƙonawa, wani lokaci har farin hayaki za ka gani a salansa. Wannan ba ta gyaruwa sai dai canji.

Ɗan_Panteka:
Gaskiya oga Usman ya faɗa. Ƙari kawai, in za ka saya ka tafi da tsohuwar a hannu don kala-kala ne, akwai kore akwai ja akwai baƙi, ba kowace ke shiga kowace mota ba. Kuma akwai ɗan tsinke a bayanta, yara suna yawan yar da shi wajen kwancewa.

Sadiq:
To ni Camry ɗita ma tana irin haka, ita a ina tata take?

Usman_Giya:
Ƙanena taka ba ta da wannan, solinoyid, wato bawul na lantarki, da kwamfuta ke canza mata giya, kai a sa mata na'ura a duba. Ko Marsandi ma daga wajen 1996 da suka kawo giya 722.6 ta lantarki sun bar ta.

Mai_Vboot:
Allah ya saka oga. Na ji ana cewa ana saita modileta, haka ne?

Usman_Giya:
Ana yi. In ka ɓalle murfin akwai ɗan makulli a ciki, ka juya dama giya ta ƙara ƙarfi, hagu ta yi laushi. Amma kaɗan-kaɗan ake yi ana gwada mota, don in ta yi laushi da yawa sai ta fara sulɓi ta cinye kulocin ciki, kuɗin ya ninka. Kuma ita ƙarfin bugun kawai take gyarawa, in jinkirin canzawa ne wannan aikin kebul ɗin da ya taho daga totur ne. Fara duba tiyon dai ka dawo mana da labari.