Ina iyakar hannun mai haɗa waƙa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Wasu matasa sun kawo min waƙarsu in yi mata miksin, wato in haɗa sautukan da suka ɗauka in daidaita su: murya, jita biyu, bes da ganga, kayan kiɗan nan duka da hannu suka kaɗa su. Waƙar ta yi daɗi, sai dai mawaƙin yana ɗan sauka ƙasa da kari a wurin amshi, mai ganga kuma yana ƙara gudu idan waƙa ta ɗauki zafi. Jita ta biyu tana danne murya. Da manhajar gyaran murya ta Melodyne zan iya miƙe muryar, in jera bugun gangar daidai kan lokaci, in kashe jitar, ba wanda zai gane. Ba su ce in yi ba, ba su kuma hana ni ba. Ina ya kamata in tsaya?

Tsohon injiniyan sauti: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Raba aikin gida biyu. Daidaita ƙarfin sauti, EQ (ƙara ko rage kauri da kaifin sauti), kwamfiresa (rage tazara tsakanin sauti mai ƙarfi da mai rauni), cire ƙarar na'ura, wannan naka ne, ba sai ka nemi izini ba. Amma sauya abin da mutum ya rera ko ya kaɗa, wannan hurumin mai waƙa ne da furodusa. Jitar ma ba sai ka kashe ta ba. Murya da jita suna karo ne a wajen 2 zuwa 4 kHz a ma'aunin kaifin sauti. Rage wa jitar kaɗan a nan, ka tura ta lasifikar gefe ɗaya, muryar za ta fito.

Mai kaɗa ganga: Don Allah Malam, kada ka taɓa gangar nan kafin ka tambayi mai ita. Sau da yawa gudun da muke ƙarawa a amshi da gangan ne, shi ke ɗaga waƙar. Kuma mai bes da mai jita gudun nan suka bi lokacin ɗauka. Idan ka jera ganga ita kaɗai, sauran za su zama kamar sun riga ta, ka shiga gyaran da ba shi da ƙarshe.

Furodusa: Ni na ɗan saɓa. Tun da manhajar miƙe murya ta Auto-Tune ta fito a 1997 kunnen mai sauraro ya saba da murya miƙaƙƙiya. Idan ka bar kuskure a fili, kai za a zarga, su kuma a ce ba su iya ba. Gyara kawai.

Mawaƙiya: Yaya, gyara ba laifi ba ne, ɓoyewar ce laifi. An taɓa miƙe min murya har lanƙwasar da nake yi a ƙarshen baiti ta ɓace, na ji waƙata kamar wata ce ta rera. Ya yi min ciwo sosai. Mawaƙin nan kuma gobe zai hau dandamali. Gara ya san inda yake sauka ya yi atisaye.

Tsohon injiniyan sauti: Gaskiyarki 'yar'uwa. Marigayi Steve Albini, wani mai ɗaukar waƙa ɗan Amurka, ya ƙi a kira shi furodusa, injiniya yake kiran kansa, don yana ganin waƙa ta masu ita ce. Ba dole ka kai can ba. Duba ko sun ɗauki amshin fiye da sau ɗaya, wataƙila akwai wanda ya fi kyau. In babu, taɓa wuraren da suka kauce sosai kaɗai. Sai ka tura musu kwafi biyu, mai gyara da marar gyara, ka rubuta abin da ka taɓa da minti nawa yake.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na duba, akwai wani ɗaukan amshin a cikin fayil ɗin. Gangar zan bar ta yadda take, yau kuma zan kira su kan maganar jitar.